Kunne, Ido da Alƙalami: Karanta Littafin Jandarma daga Ƙasar Arewa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To amma game da aikin jandarma da ɗan sanda, mafi yawan abin da muka sani ji ne kawai. Muna jin sa a tasha, a bakin direbobin da ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogondutsi ta nufi Ƙonni. Muna jin sa a fadar samari ana jiran shayi ya nuna. Labarin kuwa kusan ɗaya ne a ko'ina: an tsayar da mota, an nemi takardu, an miƙa wani abu, an wuce. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa wuni a ofishin jandarma ba tare da an kawo ƙararsu ko sun kawo ƙarar wani ba, sai domin kawai su ga yadda aikin yake tafiya daga safe zuwa dare.

Wani Bajamushe masanin zamantakewar al'umma, Mirco Göpfert, ya yi wannan zama. Ya share watanni masu yawa tare da jandarmomin karkarar Nijar, yana zaune inda suke zaune, yana sauraren ƙararrakin da ake kawo musu, yana kallon yadda suke rubuta su. Sakamakon wannan zama shi ne littafinsa mai suna Policing the Frontier, wanda madaba'ar Jami'ar Cornell ta Amurka ta fitar a 2020, cikin harshen Ingilishi. Marubucin ya sakaya sunayen mutane da wurare, kamar yadda ƙa'idar irin wannan bincike ta tanada, saboda haka littafin ba tarihin wani gari takamaimai ba ne. Niyyata a nan ita ce in karanta shi da idon mutumin Arewa, ina nufin Arewa ta Arawa, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jahar Doso, in auna abin da zama kusa da jandarma yake koyarwa, da kuma abin da yake ɓoyewa.

Asalin wannan hanya

Ba Göpfert ne ya ƙirƙiro wannan hanyar bincike ba. Tun wajen 1950 William Westley ya bi ƴan sandan birnin Gary na Amurka yana lura da aikinsu. A 1964 Michael Banton ya fitar da nazarinsa kan ƴan sandan Sikotland da Amurka, a 1967 kuma Egon Bittner ya rubuta a kan yadda ƴan sanda ke tafiyar da unguwannin marasa galihu. Abin da waɗannan magabata suka gano ya ba mutane mamaki a lokacin: kama ɓarawo ƙaramin ɓangare ne na aikin ɗan sanda, mafi yawan lokacinsa yana ƙarewa ne wajen raba faɗa da kwantar da tarzoma da sauraren koke-koken da doka ba ta ma san da su ba. A Faransa, Didier Fassin ya yi watanni 15 yana shiga motar sintiri tare da wata runduna a unguwannin bayan birnin Faris, ya fitar da littafinsa a 2011.

A Afirka an makara wajen bin wannan hanya, domin an daɗe ana ganin cewa kalma ɗaya, wato cin hanci, ta isa ta bayyana ɗan sandanmu. A nan Nijar, cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suke cikin waɗanda suka assasa ta, ita ce ta koya mana mu dubi ma'aikacin gwamnati a bakin aikinsa, mu bambanta dokar da ke rubuce da ƙa'idar da ake bi a aikace. A 2017 Göpfert da Jan Beek da Olly Owen da Jonny Steinberg suka haɗa wani kundi mai suna Police in Africa, wanda ya tattaro irin wannan nazari daga ƙasashe daban-daban. Littafin 2020 ɗa ne ga wannan gida.

Me ya sa jandarma? Domin a tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, ɗan sanda na birni ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, shi kuwa jandarma soja ne a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma shi ke riƙe da binciken laifuffuka a karkara. Mutumin Matankari ko Geceme ko Dumega, idan ya ce zai kai magana gaban hukuma, yawanci jandarma yake nufi.

Abin da zaman ya nuna

Ƙarfin littafin yana cikin babi uku da marubucin ya gina a kan kunne da ido da alƙalami. Domin mai karatu ya fahimci abin da ake nufi, bari mu ƙaddara wani misali irin wanda kowane ɗan Dallol Mawri ya sani. Kaka ta yi, shanu sun shiga gonar wake kafin a saki gonaki, an yi cacar baki, an ɗaga sanda, an fasa wa wani kai. Manomin ya zo ofishin jandarma. Ba daga sandar zai fara ba. Zai fara ne daga kakansa da ya sari dajin, ya bi ta kan burtalin da aka matse shekaru goma da suka wuce, ya kawo maganar wata rijiya, ya ambaci zagin da aka yi wa mahaifiyarsa, wanda a wurinsa ya fi raunin ciwo. Aikin kunnen jandarma shi ne ya tace wannan dogon zance ya fitar da abin da kundin hukunta laifuffuka ya sani: rauni, da ranar da aka yi shi, da wanda ya yi shi, da takardar likita. Sauran duk surutu ne a wurin doka, alhali kuwa a wurin mai ƙara su ne ainihin maganar.

Batun ido kuwa, littafin ya nuna yadda jandarmomi ƴan ƙalilan, waɗanda aka ɗora wa ƙasa mai faɗin gaske, ba su da ikon ganin abin da ke faruwa sai ta idon wasu. Wannan ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san nisan da ke tsakanin Dogondutsi da Dogon Kirya da damina. Jandarma baƙo ne da aka turo daga wata jaha, gobe kuma za a ɗauke shi. Abin da mai gari da ɗan rahoto suka nuna masa shi yake gani.

Babin alƙalami shi ne ya fi burge ni, kuma tun a 2013 marubucin ya fitar da maƙala a kan wannan batu. Ya lura cewa jandarmomi suna ɗaukar rubuta takardar bayanin bincike, wadda ma'aikata ke kira PV, tamkar sana'ar hannu. Suna kula da tsarinta da zaɓen kalmominta da kyan fasalinta, suna alfahari da wadda ta fito tsaf. Wanda bai taɓa zama a wurin ba zai ɗauka wannan ɓata lokaci ne. Amma takardar ita ce za ta je gaban mai gabatar da ƙara, wanda bai ga gonar ba, bai ga raunin ba, bai ji kukan ba. Abin da ya shiga takarda shi ya faru. Abin da bai shiga ba, a wurin kotu, kamar ba a yi shi ba ne.

Daga nan littafin ya zo kan abin da mu da Hausa za mu kira gyara. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar an kafa shi ne a 1961 bisa tsarin na Faransa, aka yi ta yi masa kwaskwarima daga baya. Jandarmomin da Göpfert ya zauna da su sun san cewa sau da yawa bin wannan doka sau da ƙafa ba zai ba kowa abin da ya zo nema ba. Wanda aka sace wa akuya akuyarsa yake so, ba ɗaurin ɗan maƙwabcinsa ba, domin gobe a masallaci ɗaya za su yi sahu da uban yaron. Don haka sai jandarma ya nemi sulhu, a biya diyya, a ba da haƙuri, magana ta mutu ba ta kai kotu ba. Marubucin bai ɗauki wannan a matsayin lalaci ko rashin sanin aiki ba. Ya ɗauke shi a matsayin neman adalci a wurin da doka ta gaza, ya kuma nuna cewa jandarman yana cikin tsaka mai wuya: in ya bi takarda ya zalunci rayuwa, in ya bi rayuwa ya saɓa wa takarda. Wannan ita ce iyakar da sunan littafin ke nufi, iyaka tsakanin duniyar fayil da duniyar mutane.

Wannan kaɗai ya isa a yaba wa littafin. Ya maido wa jandarma mutuntakarsa ba tare da ya mai da shi waliyyi ba.

Inda nake da ja

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka karanta littafin daga Arewa, akwai wurare uku da hoton yake bukatar ƙari, kuma a ganina laifin na hanyar binciken ne fiye da na marubucin.

Na farko, maganar duniya biyu. Wanda ya zauna a bencin jandarma dole ne ya ga abin da ke shigowa daga waje kamar hayaniya marar tsari, wadda ofis ke ƙoƙarin sa wa fasali. To amma ƙasar Arewa ba ta taɓa rasa tsarin shari'a ba. Tun kafin zuwan Nasara akwai Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji, masu riƙe da al'amuran ƙasa, akwai Sarkin Arewa a Matankari da Samna a Tibiri, masu riƙe da mulki. Akwai dutsen Tunguma na yankin Lugu, wanda aka daɗe ana kai masa shari'a. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin wannan rabon iko a littafinsa na 1970, Adeline Masquelier kuma, wadda ta yi dogon bincike a Dogondutsi, ta nuna a littattafanta na 2001 da 2009 yadda yaɗuwar Musulunci ya sauya inda mutane ke kai kukansu. Yau limami da rantsuwa da Alƙur'ani sun ɗauki babban rabo. Abin da yake isa ofishin jandarma, saboda haka, magana ce da ta riga ta bi ta hannun dattawan gida da mai unguwa da mai gari, kowa ya sa mata nasa fasali.

Bugu da ƙari, takarda ba ta tsaya a ofis ba, ta daɗe da shiga ƙauye. Dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta gaje ta a 2015, sun ba sarakuna ikon yin sulhu a rikice-rikicen al'ada da na mu'amala, sun kuma ɗora musu rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar gona, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin zirga-zirga da dabbobinsu. Manomin Arewa ya san darajar hatimi. Yana adana takardar gonarsa cikin leda a ƙasan akwati, ya kuma san cewa sammacin jandarma makami ne da zai iya razana abokin husumarsa da shi ko da ba ya nufin zuwa kotu. Ashe ba duniya biyu ba ne masu kallon juna ta kan katanga. Kasuwa ce mai rumfuna da yawa, kowane mai ƙara yana lissafin rumfar da za ta fi yi masa sauƙi.

Na biyu, waɗanda ba su zo ba. Mai lura da jandarma yana ganin wanda ya tako ƙofar ofis ne kawai. Ba ya ganin matar da aka doka ta yi shiru domin kai miji ƙara abin kunya ne ga danginta. Ba ya ganin makiyayin da ya gwammace ya biya abin da aka yanka masa a gaban mai gari, ko da ya san an yi masa tsada, da ya kwana a tsare shanunsa na daji. Ba ya ganin talakan da kuɗin kabu-kabu zuwa Tibiri ya fi ƙarfin abin da aka sace masa. Wannan gudun hukuma kuwa yana da tarihi. A Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu. Bayan haka aka yi shekaru ana aikin tilas da hukuncin kwamanda ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke su, kuma ɗan ƙasa mai kaki ne yake zuwa ƙauye ya zartar. Jikokin waɗanda suka ga wannan ba su bukatar a koya musu cewa nesa da kaki ta fi kusa da shi lafiya. Shirun waɗannan mutane ɓangare ne na aikin jandarma, wataƙila ma shi ne ɓangare mafi girma, kuma ba a jin sa daga cikin ofis.

Na uku, gyara fuska biyu gare shi. Ikon da ya ba jandarma damar kashe magana domin zumunci ya ɗore, shi ne kuma yake ba shi damar kashe ta domin wani ya fi wani nauyin aljihu ko dogon hannu. Binciken da Giorgio Blundo da Olivier de Sardan suka jagoranta a Benin da Nijar da Senegal, wanda ya fito da Ingilishi a 2006 da Faransanci a 2007, ya nuna yadda kalmomin alheri da taimako da sulhu suke zama mayafin cin hanci a kan hanya da cikin kotu. Göpfert bai jahilci wannan ba. Amma wanda ya ci abinci da mutane wata da watanni, da izinin shugabanninsu, yana jin hujjarsu fiye da ta wanda ya fita ofis yana haɗiye baƙin ciki. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa kowane sulhu ita ce: wa ya sauka daga haƙƙinsa domin a zauna lafiya? Idan kullum mace ce, ko baƙo, ko marar kowa, to wannan gyara ɓarna ce da aka yi wa ado.

Zamani ya juya

Akwai kuma abin da ba laifin kowane marubuci ba ne. An yi binciken littafin ne a lokacin da babban aikin jandarman karkara shi ne satar dabbobi da rikicin gona da haɗarin mota. Ga mutanen Arewa kalmar iyaka tana da ma'ana ta zahiri, domin ga jihohin Kabi da Sakkwato na Nijeriya nan a gabas da kudu, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. A Fabrairun 2019 aka kashe jandarmomi a wani hari a Bagaji. A Agustan wannan shekara Nijeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa 2024. A Nuwambar 2024 sojojin Nijeriya suka bayyana sunan Lakurawa a matsayin ƙungiya mai ɗauke da makamai a wannan yanki na iyaka. Jandarman da yake tunanin tsira da ransa, kunnensa ba zai samu natsuwar sauraren tarihin burtali ba. Kuma wurin da hukuma ta ja baya, wani ne zai zo ya ce shi zai yi shari'a. Wannan ya sa darasin littafin ya ƙara nauyi: haƙurin sauraren mai ƙarar akuya yana cikin abubuwan da ke riƙe ƙauye a hannun ƙasa.

Maganar harshe

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ya fi shafar wannan shafi. Mai ƙara ya yi magana da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. Jandarma ya rubuta da Faransanci. Aka karanta masa, ko aka taƙaita masa, ya dangwala yatsa a kan kalmomin da ba nasa ba. Sannan masani ya zo ya rubuta labarin wannan duka da Ingilishi, aka buga a Amurka. Sau biyu ke nan aka fassara mutumin, kuma ba ya iya karanta ko ɗaya. Tun 1973 Amadou Hampâté Bâ ya nuna mana, a littafinsa kan Wangrin, irin ikon da ke hannun tafinta a ofishin kwamanda. Tafintan bai mutu ba, ya koma cikin alƙalamin jandarma ne.

A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ana ta muhawara a kan wannan mataki, kuma masu sauran harsunan ƙasar suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Ni dai ma'aunina ƙarami ne. Ranar da mutumin Geceme zai ji an karanta masa bayaninsa cikin harshen da ya yi shi, kalma bayan kalma, kafin ya sa hannu, ranar ce wannan magana ta sauko daga takarda. Hakan kuwa yana bukatar aikin da ba a yi da sanarwa: a zauna a daidaita kalmomin shari'a, a bambanta tsarewa da ɗauri, a bambanta tuhuma da hukunci, a koyar da su a makarantar jandarma.

Kammalawa

Littafin Göpfert ya cancanci a fassara shi, aƙalla babobinsa na kunne da alƙalami da gyara, domin jandarmomin da aka rubuta a kansu da mutanen da suke yi wa aiki su karanta su ce ga inda ya faɗi daidai, ga inda ya kauce. Ya kuma cancanci a ɗora a kansa. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da masu binciken LASDEL suna da abin da baƙo ba shi da shi, wato harshe da sanin dangantaka, ko da yake su ma suna da nasu cikas, domin ɗan gari ba ya rasa kawu a cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara. Abin da nake fata shi ne a samu wanda zai raba zamansa biyu: wata shida a bencin jandarma a Dogondutsi ko Tibiri, wata shida a zauren mai gari da tsakar gidan mata da rugar makiyaya, yana bin magana ɗaya tun daga ranar da aka yi ta har inda ta mutu, yana rubuta waɗanda suka isa ofis da waɗanda suka tsaya a hanya. Idan ya gama, ya rubuta da Hausa, ya koma zauren ya karanta musu.